Neman Hannun Uban Dikko

Tun da na dawo 'yan fadarmu, wato abokan zaman hirarmu, suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce ina tsarabar Najeriya, wancan ya ce an ce har tatsar nono na koyo a ruga. Mamman tela kuwa rantsuwa yake wai na yi ƙiba. To ga labarin na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali, ana kirana Mushe, wato Malam a Faransancinmu, ni ne sirbeyan, mai kula da yara, a gidan kwanan yara maza na nan Dakoro, inda ake ajiye 'ya'yan makiyaya su yi lakwal, wato makarantar boko, yayin da iyayensu ke bin dabbobi. Aikina tada su da safe, rabon faɗa, da gano wanda ya shiga layin tuwo sau biyu.

Cikin yaran akwai Dikko, Bafulatani siriri, bai fi shekara goma sha uku ba. An buge shi a ƙwauri wajen ƙwallo, ya ɓoye kamar yadda suka saba ɓoye ciwo, har ƙafar ta kumbura ta fara ruwa. Majo, babban malamin asibitin garinmu, ya duba ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai shi Maradi. Muna sa shi a mota sai ga Hajjo, dattijuwar da ke sayar da fura a bakin ƙofarmu, ta zo da ƙullin kayanta ta kama murfin mota.

"Mushe, ku tahi da ni. Ɗana ne."

Na ce, "To, Goggo, shigo." A ƙasar nan wace tsohuwa ce ba ta cewa kowane yaro ɗanta ne? Har na ji daɗi a raina, don mun samu mai jinya ba tare da mun nema ba.

Likitar da ta gan shi a Maradi mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta kira ni da Direktanmu ofishinta ta ce ciwon ya shiga ƙashi, sai an sa yaron barci an buɗe an kankare. Allurai za su riƙe shi na ɗan lokaci, amma in aka daɗe ƙafar ce za ta tafi. Ta ce tana son uba, ko uwa, ko mai riƙonsa ya ji abin da za a yi ya yarda. Direkta ya zaro wata takarda da alfahari, wadda ardon su Dikko ya dangwala wa yatsa tun ranar da aka kawo yaran cikin babbar mota, wai ya yarda a yi wa dukansu duk abin da ya kamata.

Likita ta karanta ta mayar masa. "Sa'ad da ardon ya dangwala, ya san za a sa ma wani wuƙa?"

Direkta ya yi tari. Da muka fito ya ce mini riƙo dai a hannunmu yake, mu kuwa ba ma sa wa kanmu hannu, don haka sai uba. Ya rubuta mini takardar aiki ya buga mata hatimi har biyu, ya ba ni ta amincewa da ɗan akwatin tawada, ya ce kar in dawo sai da yatsan Juli, uban yaron.

Akwai lambar wayar salula a rajistarmu, amma ba ta shiga. An rubuta Tagriss a gefenta, saboda haka na koma Dakoro na nemi motar 'yan kasuwa mai zuwa arewa. Wuri na samu a bisa, tsakanin buhunan gero da wani bunsuru da ya ɗauki jakata abinci. Wani Buzu da ke kusa da ni ya tambaye ni abin da ke kai ni, na faɗa masa. Ya daɗe yana dubana ta saman rawani, sannan ya ce shi ya ga mai tafiya neman raƙumi, ya ga mai neman mata, amma mai neman yatsa yau ya fara gani.

A Tagriss na samu mai lambar cikin sauƙi. Ba Juli ba ne. Wani Agali ne, mai rumfar sa wa salula wuta da hasken rana.

Ya ce, "Lambar tawa ce, kuma ta rabin daji ce. Kowa ita shika ba mutanen gwamnati. Juli kam tun da aka cire amfanin gona ya yi kudu da shanunshi."

Agali mutumin kirki ne. Ya sauke ni a rumfarsa, ya dafa mini shayi irin nasu na zaman dirshan, wanda in ka tashi kafin kofi na uku ka zagi mai gida. Ya kuma kawo mini nonon taguwa, ya ce maganin gajiya ne. Gaskiya ya faɗa, don bayan na sha ban sake tunawa da gajiya ba, wata damuwar ce ta daban ta same ni, har na san bayan kowane itacen kargo da ke yammacin garin. Da gari ya waye ya ce in nemi ardo a wajen Adjekoria, shi ya san inda kowa ya sa gaba.

Na sake biyowa ta Dakoro, na wuce ƙofar gidana ban shiga ba don kar uwargida ta tambaye ni ko an dace. Ardo na zaune a wani zango bayan Adjekoria. Gaisuwa kaɗai ta ci mana rabin hantsi. Mun gaisa a kan gida, da shanu, da rana, da hanya, da gajiyar hanya, muka dawo kan shanu. Da na samu kafa na faɗi abin da ya kawo ni, sai fuskarsa ta ɗan canja.

"Ba na dangwala muku ba?"

Na ce likita ta ce na uba take so.

"Uban? Mi za ku yi da uban?"

Na ce doka ce, Ardo.

Ya shafa gemu ya ce, "To, doka ta san abin da take yi." Sannan ya ce Juli ya ƙetare iyaka, yana can wajen Dankama, amma ainihin gonar da ya sauka sai Allah. A lokacin na ɗauka ya yarda da maganata ne. Daga baya na gane Bafulatani ba ya gaya wa baƙo ya yi kuskure, sai dai ya raka shi da addu'a.

Hanyar kudu ta Maradi take bi, sai na tsaya na leƙa asibiti. Tun daga ƙofar ɗakin na ji warin ƙafar. Dikko ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya bari Hajjo ta fita wanke kwano sannan ya ce mini a hankali, "Mushe, yankewa za a yi?" Na ce a'a, da ƙarfi fiye da yadda na sani. Gaskiya tsoro ya kama ni a wurin, irin wanda ban ji ba tun da nake aikin nan.

A waje na tarar da Hajjo ta dama mini fura a gora. Ta tambaye ni ina zuwa, na ce wajen uban yaron, amma ban san inda zan same shi ba.

Ta ce, "Juli? In ka kai Dankama ka yi gabas, ka tambayi gonar mai gari ta bakin fadama. Nan shika sauka kowace shekara, shanu su yi mashi taki."

Na yi ta mamakin yadda Fulani suka san juna. Har na rubuta a zuciyata cewa in na koma fada zan ba da wannan misali. Na yi mata godiya, ta ce in gai da su, na rataya gorata na wuce.

Iyaka ita ce abin da na fi yi wa shiri. Na sa katin ɗan ƙasa a aljihun gaba, takardar aiki mai hatimi biyu a hannu, na kuma tsara jawabin da zan yi wa jami'ai cikin Faransanci da Hausa. Mai kabu-kabun da ya ɗauke ni daga ƙauye na ƙarshe, wani dogo mai suna Sale, ya bi da ni ta cikin gonaki muna ta kaucewa kututturen dawa. Da na ga tafiya ta yi nisa na taɓa kafaɗarsa na ce ya gaya mini in mun kusa iyaka, in gyara.

Ya ce, "Iyaka? Ka ga kukar can da muka baro, mai rassa biyu? Ita ce."

Na waiga. Akuya ce kawai a gindinta, ita ma ba ta nemi takardata ba. Har yau jawabin nan yana cikina ban yi wa kowa ba.

Mutanen ƙetare 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma akwai abin kallo. Can ba wanda ya san Mushe, Malam nake. Shayinsu a babban kofi ake zuba shi da madara har ya yi fari, mutum ya shanye a tsaye ya kama gabansa, ba hira ba komai. Burodinsu laushi da zaƙi, ka matse shi a hannu ya koma kamar ƙwallon fura. Na kwana a zauren wani mai shayi, wanda da ya ji daga Nijar nake ya tara maƙwabta, suka ce don Allah in ɗan yi musu Faransanci su ji. Na karanta musu takardar aikina tun daga sama har hatimi. Aka yi tafi, wani tsoho ya ce Allah ya ƙara ilimi. Ita ke nan ranar da takardar ta yi amfani.

Da hantsi na isa gonar bakin fadama, daidai yadda Hajjo ta kwatanta. Ga shanu jajaye masu dogon ƙaho, ga bukkoki na kara. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono mai sanyi. Juli ya zo, dogo ne, kuma ban buƙaci a gaya mini ba, don hancin Dikko ne a fuskarsa. Wata mata na gefe tana gyaran ƙwarya, na ɗauka uwar ce, kuma ita ce. Muka yi gaisuwar da na riga na ƙware a kanta. Sannan na gyara zama, na buɗe akwatin tawada, na ce, "Na zo ne a kan maganar ɗanka Dikko."

Matar ta ɗauki ƙwaryarta ta shige bayan bukka. Juli ya juya ya dubi shanunsa, ya ce bana ruwan fadamar nan ya ja baya da wuri. Na ɗauka bai ji ba ne, na maimaita da ƙarfi, na ƙara da cewa ƙafarsa ce, ana maganar aiki. Na ga hannunsa ya damƙe sandar da ke cinyarsa har jijiyoyi suka tashi, amma bakinsa cewa ya yi ko a wajenmu ma rijiyoyi sun yi ƙasa.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata wane irin uba ne wannan, na sha nonon taguwa saboda ɗansa shi yana mini labarin rijiya. Sai wani tsoho, baffan Juli, ya taɓa ni ya ce in zo in ga wani maraƙi. Da muka yi nisa ya ce, "Malam, ɗan fari ne. Ka kira sunanshi gaban uwa da uba, gaban mutane. Mi kake so shi ce?"

Kunya ta rufe ni, don abin ba baƙo ba ne a wurina. Tsohuwata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, "wancan" take ce masa, in ya yi ciwo sai dai ta aika a tambayo a ɓoye. Mu dai mun sassauta ne, su kuwa suna riƙe da abinsu. Ban taɓa kawowa a raina cewa kunyar ɗan fari za ta shiga tsakanina da takardar gwamnati ba.

Tsohon ya gyara zaman. Ya sa Juli ya zauna ya ba ni gefe, ni in yi wa tsoho magana, tsoho ya yi wa Juli, kamar ba Hausa ɗaya muke ji ba. Ba a sake kiran suna ba, sai "yaron nan". Na faɗi abin da na sani, Juli yana sauraro yana tona ƙasa da tsinke. Da na tura takarda gaban tsoho, sai Juli ya girgiza kai.

Ya ce wa baffansa, "Gaya ma baƙo, yaron nan ba nawa ba ne da zan sa hannu. Tun da aka yaye shi na ba yayata. Ita ta yi goyo, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta ce a sa shi lakwal. In na dangwala bisa abin da na bayar, na ƙwace ke nan. Da wane ido zan dube ta?"

Na ce to ina yayar take, in je in same ta, ko da Kamaru ce.

Tsohon ya dube ni da tausayi. "Ai kun fi mu saninta. Hajjo. Ita da ta bar garke ta koma Dakoro tana saida fura bakin lakwal ɗinku, don ta riƙa ganinshi."

Gorar furarta tana rataye a kafaɗata lokacin da ya faɗi haka.

Na roƙe su suka maimaita maganar na ɗauka a salula, Juli da baffansa, don na san halin Direkta. Zan tafi sai uwar ta fito, ba ta dube ni ba, ta ajiye wata ƙatuwar gora ta man shanu kusa da jakata ta ce wa iska guzurin baƙo ne. Man da ke ciki ya ishi baƙo goma. Na gane ko na wane ne, na ɗauka na sa a jaka.

Dawowa ba ta da labari sai na man nan. Rana ta narka shi a cikin mota, ya bi jaka ya jiƙa komai. Takardar amincewa ta koma kamar wadda aka naɗe tsire da ita, hatiman Direkta biyu na takardar aiki kuwa suka haɗe suka zama ɗaya. Da salulata ta samu rezo na kira shi na ba shi labari, abin da ya fara tambaya shi ne, "An rubuta?"

Likita ba ta tambayi wannan ba. Ta saurari muryar Juli, ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Matar da ke kwana ƙarƙashin gadonshi tun ranar da kuka zo?" Na ce ita. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kawo sabuwar takarda. Ni a zatona an gama, na buɗe tawada na miƙa wa Hajjo na ce Goggo kawo yatsa. Sai ta mayar da hannunta cikin zane.

"In dangwala ma mi?"

A nan na gane ba wanda ya taɓa gaya mata komai. Duk kwanakin nan tana zaton magani ake jira daga Yamai, ni kuma ta ɗauka sanar da dangi na tafi yi. Na buɗe baki in yi bayani, na tarar ni ma abin da na sani bai wuce "aiki za a yi" ba. Na ƙetare iyaka neman yardar mutum a kan abin da ban iya faɗa masa ba.

Likita ta jawo kujera ta zauna gabanta. Ta nuna a ƙwaurinta inda za a tsaga, ta ce ƙashin ya ruɓe daga ciki kamar icen da gara ta ci, za a kankare ruɓaɓɓen a bar mai kyau.

Hajjo ta ce, "In kun sa shi barci, wa ka tashe shi?"

"Akwai mai wannan aikin, yana tsaye a kansa har a gama."

"An taɓa samun wanda bai tashi ba?"

Da ni aka tambaya, da na ce a'a. Likita ta ce, "An taɓa, Goggo. Ba su da yawa, amma an taɓa."

Hajjo ta ce, "In na ƙiya fa?"

"Ƙafar za ta tafi. Wataƙila ta tafi da shi."

"In an yi, shina bin shanu?"

"Zai yi tafiya. Gudu ban yi miki alkawari ba."

Ta tashi ta je bakin gado, ta yi wa Dikko magana da Fulatanci, doguwa, tana nuna ƙwaurinta yadda likita ta nuna. Shi ma duk zaman nan ba wanda ya tambaye shi. Ya yi mata tambaya ɗaya, ta juyo ta tambayi likita ko zai ji wuƙar, aka ce a'a. Ya ɗaga kai. Sannan ta fito da hannunta daga zane ta dangwala. Tana goge yatsa a gefen tabarma ta ce mini, ba da faɗa ba, "Mushe, ai na ce ma ɗana ne. Ka ce to."

An yi aikin, ya tashi. Ƙafa tana nan. Likita ta ce ƙashin da ta cire ya fi wanda za ta cire da an yi tun farko, don haka zai riƙa ɗingishi. Ta faɗa ne tana rubutu, ba ta dubi kowa ba, mu ma ba mu dubi juna ba, ni da Direkta.

Bayan 'yan kwanaki na fito da safe neman koko, sai na hangi wani dogo zaune a gindin itacen bedi a ƙetaren titi, ya ba ƙofar asibiti baya, da ɗan buhun kanwa a gabansa. Juli ne. Muka gaisa a kan shanu, da hanya, da gajiyar hanya. Ya ce kanwa ya zo saye. Tsakanin fadamar nan da Maradi ba kasuwar da ba a sayar da kanwa, amma yanzu na yi hankali, na ce lalle ta Maradi ta fi kyau. Bai tambaye ni kowa ba. Ni ma sai na dubi titi na ce baƙon da muke jinya a ciki ya taka ƙasa jiya, da ƙafafunsa biyu. Ya daɗe yana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Sannan ya jawo wata sanda daga bayansa ya ajiye kusa da ƙafata.

"Wani ya mance ta a ruga," in ji shi.

Sabuwa ce, an fere ta an shafe ta da mai, ba wanda ya taɓa riƙe ta balle ya manta. Ya saɓi kanwarsa ya nufi tasha, bai waiga ba.

To Mamman tela, ka ce ban kawo tsaraba ba, ga ta nan, sai dai ba taka ba ce. Dikko ya dawo gidan kwana, Hajjo ta koma bakin ƙofa da furarta, kuma yanzu sunanta na cikin rajista. Asibiti sun ba shi sandar ƙarfe mai kyau wadda ake ƙara wa tsawo, tana ƙarƙashin gadonsa tana tsatsa. Ta ubansa yake dogarawa. Da tsawonsa na bara aka yanke ta, shi kuwa ya ƙaru a wurinmu, sai ya ɗan sunkuya in zai taka. Rannan na ce masa sandar nan ta yi maka gajarta, kawo a samo wata.

Ya ce, "Ta yi daidai, Mushe."